Telan da Bai Taɓa Ce Mini "Dawo Gobe" Ba

Assalamu alaikum, 'yan uwa na gida.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku ne daga Norfolk, wani gari na bakin teku a jihar Bajiniya ta Amurka. Kun saba in kawo muku labarin tsadar haya da sanyi da wahalar takardu, to yau ba su ne suka kawo ni ba. Makon jiya muka raka wani dattijo makwancinsa. Maƙwabcina ne, tela ne, tsohon sojan ruwa ne, ya haura shekara 90, kuma tun da muka dawo daga makabarta zancensa ya ƙi barin raina. Ba zan ambaci sunansa ba don ban nemi izinin iyalinsa ba. Baba nake ce masa, shi kuma "ɗana" yake ce mini, kamar yadda tsofaffin baƙaƙen fata na jihohin kudancin ƙasar nan suke kiran duk wanda suka haifi sa'ansa.

Wando ne ya haɗa mu. Ina sabon zuwa na sayi kwat a gwanjo don in je ganawar neman aiki, wandon ya yi mini tsawo har ina taka shi. A nan ba a sayen yadi a kai wa tela kamar yadda muke yi. Ɗinkakke ake saya, wanda kuwa za a auna a ɗinka masa kwat daga farko sai mai hannu da shuni. Aikin yawancin teloli gyara ne: a rage tsawo, a matse ƙugu, a canza zif, a yi faci. Baba ya sa ni na hau wani ɗan akwati, ya durƙusa da allurai a baki ya yi alama da alli, ya ce in zo ranar Laraba ƙarfe 4. Ni kuwa da na tashi a Zariya na san lissafin tela, sai na ƙara masa kwana biyu daga aljihuna, na je ranar Juma'a. Ina shiga ya sauke tabarau ya ce, "Ɗana, lafiya? Wandonka ya kwana biyu yana jiranka. Har na fara tunanin ko asibiti kake."

Na ba shi labarin telolinmu idan Sallah ta ƙarato: yadda ake cewa dawo gobe har goben ta zama daren Sallah, yadda yaron shago zai ce maigida ya fita alhali kana hango takalminsa a bakin labule. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ya natsa sai ya ce, "Inda na koyi ɗinki, jirgi ba ya jiran wandon kowa."

(Telolin gida kada ku ƙullace ni. Na san ana ɗauke muku wuta, na kuma san mu ne muke kawo shadda kala biyar saura kwana goma Sallah, mu ce kuma da aiki muke so. Laifin namu ne tare.)

A cikin jirgin yaƙi ya koyi sana'ar. Ya shiga sojan ruwa yana matashi lokacin yaƙin Koriya, wanda aka gwabza daga 1950 zuwa 1953. Sai na zo nan na san cewa babban jirgin yaƙi gari ne guda: akwai wanzami, akwai mai wanki da guga, akwai mai kanti, a da har da mai gyaran takalmi, kuma dukkansu sojoji ne masu kaki. Tela ma yana cikinsu. Duk wanda aka ƙara wa igiya sai ya kawo rigarsa a ɗinka masa, duk wanda ya rame a teku sai an matse masa wando kafin faretin duba kaki. Baba ya ce kekensa a ɗaure yake da ƙasan jirgi da ƙusoshi, in teku ta tashi sai ya tokare gwiwa da bango ya ci gaba da ɗinki. Har ya tsufa haka yake zama a gaban keke, ƙafa ɗaya a tokare, a ɗakin da ba ya motsi.

Samun wannan gurbin ma ba ƙaramin abu ba ne ga baƙar fata a zamaninsa. A shekarun da suka gabaci 1942 sojan ruwan Amurka ba ta ɗaukar baƙi sai don aikin kicin da hidimar hafsoshi. A watan Yulin 1948 Shugaba Truman ya sa hannu a kan umarnin da ya haramta wariyar launin fata a rundunonin soja, amma takarda daban, zuciyar mutane daban, don shekaru bayan nan da yawa daga cikin baƙaƙen sojojin ruwa suna nan suna ɗaukar faranti. Kuma yana sanye da kakin ƙasar nan ne a 1958 lokacin da aka rufe makarantu shida na wannan gari na Norfolk, wai gara a rufe da a zaunar da ɗan baƙi kusa da ɗan fari. Sai watan Fabrairun 1959 aka buɗe su, yara baƙaƙe 17 suka shiga. Na taɓa tambayarsa yadda ya ji a lokacin. Ya daɗe yana zura zare a allura kafin ya ce, "Na ji. Amma ina da mata, kuma ana biyana ranar da aka ce za a biya." Bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba.

Da ya cika shekara 20 a aikin soja ya ajiye kaki da fanshonsa, ya buɗe shago a Church Street, titin da a da nan ne kasuwa da zuciyar baƙaƙen garin, kafin a rushe yawancinsa da sunan sabunta birni. Bai rasa masu kawo aiki ba, domin sansanin sojan ruwa mafi girma a duniya a garin nan yake tun 1917, kuma kowane ƙaramin soja yana da wandon nan mai faɗin ƙafa da maɓalli 13 a gaba. Mutane na cewa wai maɓallan suna wakiltar yankuna 13 da suka kafa Amurka. Baba ya ce wanda ya ƙirƙiro wannan zance bai taɓa jin fitsari ya matse shi a cikin wandon ba.

Lokacin da na san shi ya riga ya mayar da shagon ɗakin gefen gidansa, kuma dalilin mayarwar shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Matarsa ce ta samu shanyewar ɓarin jiki. 'Ya'yansu suka kawo shawarar gidan kula da tsofaffi, wanda a nan ba abin kunya ba ne, kowa yana yi. Ya ce a'a. Ya kwaso keke da almakashi da dutsen guga ya dawo gida, ya bar ƙofar tsakanin ɗakin ɗinki da nata a buɗe, ya rataya mata ƙararrawa a gefen gado. Sau da yawa ina tsaye yana auna ni za a ji ƙarar, sai ya ajiye tef ɗin awo a kafaɗata ya ce, "Kyaftin na kira," ya tafi. Ni da tef a wuya sai in jira.

Wata rana na tarar da shi ya baje rigunanta na zuwa coci a kan tebur yana cire musu maɓallai ɗaya bayan ɗaya. Hannunta ɗaya ya daina aiki, ba ta iya ɓalla maɓalli, kuma ta tsani a sa mata riga kamar jaririya. Sai ya ɗinka irin abin mannewar nan na takalman yara daga ciki, sa'an nan ya mayar da kowane maɓalli mazauninsa daga waje, a kan ramin, da ɗinkin hannu. Wanda ya gan ta ranar Lahadi zai rantse ita ta ɓalla su da kanta, ita kuwa da hannu ɗaya ta manne abinta. Riga fiye da goma ya yi wa haka, da idon da sai ya kusanto da ƙyalle dab da hancinsa. Mu a gida muna yawan cewa Turawa da mutanen Amurka ba su san darajar iyali ba, ni ma da bakina na sha faɗa. Tun ranar nake tauna maganar kafin in furta ta. Shekara uku ke nan da ta riga shi, kuma bai sauke ƙararrawar ba.

Ya san ranar Juma'a ina sauri, don haka kayana kullum ranar Alhamis yake gama su. Ran da na fara wucewa ta ƙofarsa da babbar riga mai aska takwas, tsayar da ni ya yi a titi. Ya juya wuyan rigar ya duba ta ciki, don a cewarsa ta baya ake gane mai aiki. Ya tambayi ko da hannu aka yi, na ce da hannu, a zaure, mutum ɗaya zai iya shafe makonni a kanta. Ya shiga ciki ya fito da tsohuwar rigarsa ta soja, ya naɗe bakin hannun ya nuna mini wani dodo da aka yi wa ado da zare mai launi, a ɓoye ta ciki. Ya ce telolin tashar jiragen Yokosuka ta Japan ne suka yi masa. Sojoji kan ɓoye shi a gaban hafsa, in sun fita gari su naɗe hannu. Ranar na makara masallaci, sai a sahun waje na samu wuri.

A makabarta sojojin ruwa biyu suka zo, domin tun shekarar 2000 doka ta wajabta a tura aƙalla biyu jana'izar duk tsohon sojan da iyalinsa suka nema. Aka busa begila, suka ɗauke tutar da ke kan akwatin suka ninke ta sau 13 har ta zama mai kusurwa uku. Ɗayansu ya durƙusa gaban babbar 'yarsa ya miƙa mata, ya ce a madadin shugaban ƙasa da rundunar sojan ruwa da al'umma mai godiya. Tana hawaye ta karɓa. Da muka koma gida ana ta'aziyya sai ta matso ta ce mini a hankali, "Ka lura da wandon yaron nan da ya ba ni tuta? Ya yi masa tsawo. Da Baba na nan da bai bar shi ya tafi haka ba."

Tun shekara biyu da suka wuce ya roƙe ni in sa a kawo masa hula ɗinkin hannu daga gida, har ya auna kansa da kansa ya rubuta mini a 'yar takarda. Na ce masa wata mai zuwa. Da watan ya zo na ce sai wani zai taho. Haka na yi ta yi masa, yana murmushi yana cewa, "Dawo gobe, ko?" Hular ta iso kwana tara bayan rasuwarsa. Na kai wa jikansa, ta yi masa yawa kaɗan, ya ce zai kai a rage masa, sai muka tsaya muna kallon juna a ƙofar ɗakin ɗinkin.

Allah ya ba iyalinsa haƙuri. Ku gaida mini kowa da kowa.

Naku,
ɗan uwanku a Norfolk