Maigadi, Kango da Sauran Ɓarakar da Ke Cikin Rukunin Gidajenmu

Tun da matsalar 'yan bindiga ta fara matsowa daga dazuzzuka zuwa gefen garin Gusau, masu hali da dama suka koma neman muhalli a rukunin gidaje masu katanga da ƙofar shiga ɗaya. Ba a ga laifinsu ba. Duk wanda ya ji abin da ya faru a Sabon Gida a watan Satumba na 2023, lokacin da aka bi dare aka shiga gidajen da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau ke haya aka yi awon gaba da su, ya san cewa zaman bakin gari yanzu sai da shiri. Ni ma a irin wannan rukuni nake zaune, kuma abin da ya daɗe yana damuna shi ne, kuɗin da muke zubawa a bulo da ƙarfe ya ninka wanda muke kashewa a kan mutumin da ke riƙe da makullin ƙofar.

Ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya game da iyakar abin da katanga za ta iya. Ba za ta tare gungun mutane masu manyan bindigogi ba, wannan aikin sojoji ne da 'yan sanda da Askarawan Zamfara, waɗanda gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar a watan Janairu na 2024. Abin da ke hannun mazauna shi ne satar yau da kullum, irin ta batirin sola da injin jan ruwa da tukunyar gas da babur da wayoyin taransifoma, sai kuma toshe hanyar da labarin gidajenmu ke fita waje. Wannan na biyun ya fi haɗari, domin masu garkuwa da mutane ba sa zaɓen gida da ka. Akwai wanda ya gaya musu wane ne ya sayar da fili, wane ne ya yi tafiya ya bar iyali, da kuma ƙarfe nawa ake kashe janareto. Da ɗan gari akan ci gari, kuma a Zamfara babu wanda bai san ɓarnar masu kai wa ɓarayi rahoto ba.

Wanda ya fi kowa sanin waɗannan abubuwa shi ne maigadi, kuma shi ne wanda muka fi wulaƙantawa. A leƙa ɗakinsa da ke bakin ƙofa a gani: tabarma ce da buta da gora, sai tocilar da batirinta ya yi sanyi, da ƙaramar waya wadda sau da yawa babu ko sisin kati a cikinta. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan ya koma naira 70,000 tun 2024, amma ban san rukuni da yawa da ke biyan maigadi kusa da haka ba, ga shi tun bayan cire tallafin mai a 2023 kwanon masara ya zama abin lissafi. Ɗan abin da aka yanka masa ma sai wata ya raba kafin ya shiga hannunsa, saboda wasu gidajen ba su biya kuɗin gadi ba. Mutum ɗaya ne ke yini kuma ya kwana, sannan da rana wannan Hajiya ta aike shi cefane, wancan Alhaji ya sa shi wankin mota, ƙofa kuwa tana hangame. Idan dare ya raba barci ya sace shi, da safe a taru a kansa da faɗa. Mutumin da yunwa da bashi suka dabaibaye, wanda kuma ya san shigar kowa da fitarsa, ba ƙaramin imani ne zai hana shi sauraron wanda ya zo masa da 'yan dubbai ba. Yawancinsu suna da wannan imanin, amma bai dace mu jingina tsaron iyalanmu a kan jarrabar talaka ba.

Sai kuma halin namu. An kafa doka cewa bayan ƙarfe goma na dare kowace mota ta tsaya, a sauke gilashi, a kashe fitilar gaba, a kunna ta ciki. Na taɓa tsayawa a bayan wata mota na ji maigadi yana cewa, "Ranka ya daɗe, a taimaka a sauke gilashi," mai motar kuwa ya danna hon ya ce, "Baba, yau ka fara ganina a unguwar nan?" Dattijon ya buɗe, ya koma gefe yana ba da haƙuri. Daga ranar ya koyi cewa babbar mota ba a tsayar da ita, alhali mota ya gani, bai ga wanda ke kujerar baya ba, kuma bai san ko an ɗora wa mai tuƙin bindiga a wuya ba.

Dokar kamfanonin gadi masu zaman kansu ta 1986 ta hana ma'aikatansu riƙe bindiga, kuma hukumar Sibil Difens ce ke sa ido a kan waɗannan kamfanoni. Ma'anar wannan ita ce aikin maigadi gani ne da sanarwa da wuri, ba faɗa da ɗan fashi ba. Saboda haka abin da yake buƙata shi ne abokin canji, da haske, da usur, da waya mai kati wadda aka saka wa lambar ofishin 'yan sanda mafi kusa da lambar gaggawa ta 112. Idan ba ta hannun kamfani mai rajista aka ɗauke shi ba, to a san garinsu, a sami wanda zai tsaya masa, kuma mai unguwa ya shaida. Ba ina nufin a riƙa zargin duk wanda ya fito daga ƙauye ba ne, domin da yawa daga cikin masu neman gadi a Gusau mutanen kirki ne da ɓarayin daji suka raba da gonakinsu. Wannan binciken kariya ce gare su su ma, ranar da wani abu ya ɓata.

Ɓaraka ta biyu ita ce kango. Kusan kowane rukuni yana da gidan da aka kai linta aka bari shekara da shekaru, mai shi yana Abuja ko Kaduna. Da damina ciyawa takan rufe shi har ta fi mutum tsawo, kuma daga samansa ana hangen tsakar gidan maƙwabta. Inda ake kan gini kuma, leburori sukan kwana a ciki ba tare da kowa ya san sunayensu ba, a jibge yashi ko bulo a jikin katangar waje har ya zama matakala. Akwai kuma magudanar ruwa da ke ratsawa ta ƙarƙashin katanga, wadda idan ba a sa mata ƙarfe ba yaro zai iya bi ta ciki ya wuce. Wayar ƙaya da fasassun kwalaben da muka jera a sama ba su da amfani a irin wannan wuri. Kamata ya yi kwamiti ya wajabta wa mai kango sharar filinsa da toshe ƙofofinsa, ɗan kwangila kuma ya ajiye sunayen ma'aikatansa a bakin ƙofa, su fita kafin magariba.

Game da na'urori ba ni da dogon bayani. Fitilun sola a lunguna da bayan katanga sun fi kyamara amfani a wurin da wuta ba ta tsayawa, kyamarar da babu mai duba ta kuwa ado ce. Sannan wanda ya zauna a jihar nan a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa, ya san cewa waya tana iya zama ba ta da amfani dare ɗaya. Dole a sami wata alama da kowa ya sani, ko ta usur ko ta lasifikar masallaci, kuma a gaya wa mata da yara abin da za su yi idan sun ji ta.

Zauren WhatsApp na mazauna yana da rana, amma ya zama wurin watsa jita-jita da hotunan gawarwakin da ba a san asalinsu ba, har idan sanarwar gaske ta zo sai ta nutse. A cikinsa ne kuma mutum zai rubuta cewa ya tashi zuwa Umara sai bayan Sallah, alhali akwai lambobin waɗanda suka tashi daga rukunin tuntuni ba a cire su ba. A tsohuwar unguwa irin Sabon Gari ko Tudun Wada, baƙo ba ya wuce majalisa biyu ba a tambaye shi gidan wa yake nema ba. Mu a nan mutum yakan shekara bai san sunan wanda suka haɗa katanga ba, sai dai launin motarsa. Kuma idan an kama ɓarawo, a miƙa shi ga 'yan sanda da ransa da lafiyarsa, domin dukan taron dangi ya sha faɗawa kan wanda bai ji ba bai gani ba, kuma yana rufe bakin da zai tona sauran abokan aikinsa.

Duk waɗannan gyare-gyare suna komawa kan kuɗin wata, wanda mutane ke ƙin biya saboda ba sa ganin lissafi. A zaman da za mu yi bayan sallar isha'i a ƙarshen watan nan, abin da zan gabatar shi ne a buɗe asusun banki mai sa hannun mutum biyu, a riƙa liƙa abin da ya shiga da abin da ya fita a ƙofar masallaci, kuma albashin masu gadi ya zama abu na farko da za a cire kafin a taɓa fentin ƙofa.