Godiya: jiya Baba ya wuce ƙofar ɗakinsa bai daki garu ba

Alhamdulillah, Alhamdulillah. Yau kusan sati biyu ke nan ina so in yi rubutun nan, amma duk sanda na ɗauki waya sai barci ya kwashe ni tana hannuna, gajiyar wata 7 ce ta taru ta danne ni lokaci ɗaya. Ba sai na maimaita abin da ya faru ba, yawancinku kuna tare da mu tun daren da ɓarin jikin Baba ya shanye. Jiya dai da safe ya taso daga bakin gado da sandarsa, ya tsaya, ya juya kai hagu ya duba, ya tsallake dokin ƙofa ya fito falo, kafaɗarsa ko gogar garu ba ta yi ba. Ni da Auta muka kalli juna muka fashe da kuka kamar yara, shi kuwa yana tambaya wa ya rasu.

Wanda bai yi jinyar irin wannan ciwo ba zai ce to mene ne abin kuka don mutum ya wuce ƙofa. Mu ma da farko mun ɗauka in ƙafa ta taka ai an gama. Ashe da sauran rina a kaba. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna jijiyar da ta toshe a ɓangaren dama take, shi ya sa hannu da ƙafar hagu suka saki, wannan kowa ya gani da idonsa. Abin da ba mu gani ba shi ne duk wani abu da ke hagunsa ya fita daga lissafinsa. Yana tafiya sai ya karkata, ya daki gefen ƙofa, ya daki kujera, ya daki mutum, kafaɗar nan duk jini ya kwanta. A ba shi abinci ya cinye rabin faranti na dama ya ce ya ƙare. Muka kai shi gwajin ido aka ce idon lafiya lau.

Ni kuma Allah ya yafe min, har faɗa na riƙa yi masa. Ina cewa Baba don Allah ka dinga kallon gabanka mana. Ranar da ba zan manta ba da rana na yi masa wannan maganar, da dare wajen ƙarfe 3 na ji ƙara, tim! Na fito a guje na same shi kwance a bakin banɗaki a kan ɓarin hagun, yatsun ƙafarsa sun harɗe da dokin ƙofa, hannun da zai tare da shi kuma ba ya aiki. Na durƙusa ina laluba kansa ko ya fashe, jikina na ɓari, shi kuma ya ɗago ya kalle ni ya ce a hankali, wai wa yake matso min da garun nan ne? Wallahi har yau in na tuna tambayar nan sai ƙirjina ya yi nauyi. Da gaske yake yi. A wajensa hanya a buɗe take, garu ne ke tahowa ya buge shi.

A nan zan ambaci likitan gashin Baba, wato mai sa shi motsa jiki, na san ka ce kar in sa ka a Facebook, sunanka dai ban faɗa ba amma ka yi haƙuri sai na faɗi aikinka. Washegarin faɗuwar nan ba ranar zuwansa ba ce, ya zo. Ya miƙa wa Baba takarda da biro ya ce Baba zana min agogo. Baba ya yi da'ira, ya jera 1 har 12 duk a cunkushe a ɓarin dama, hagu fayau ba komai, kuma ya miƙo takardar da murmushi wai ya gama. Ya sake ja masa layi ya ce ya nuna tsakiya, Baba ya ɗiga alama can kusa da ƙarshen dama. Sai ya juyo gare ni ya ce, Yaya wannan ba taurin kai ba ne, ido yana kai saƙo, ƙwaƙwalwa ce ba ta kula shi, kuma an fi ganin haka in ɓangaren dama ne ya taɓu. Ya ce akwai waɗanda rabin ganin ne yake ɗaukewa da gaske, su sukan gane su koyi juya kai, amma irin na Baba mutum bai ma san akwai abin da ya ɓace masa ba balle ya nema. Kunya ta kama ni kamar in nutse.

Ya kuma nuna mana wani abu da ban taɓa lura ba duk zamana da shi. Saboda tafin ƙafar hagun yana faɗuwa ƙasa, Baba sai ya wurga ƙafar gefe kafin ya kawo ta gaba, ga sanda a hannun dama, wato wurin da yake ci a hanya ya fi na da faɗi, amma kansa har yanzu da jikinsa na da yake auna rata. Kuma ƙafar ba ya jin inda take sai ya kalle ta. Ya ajiye ɗan katako a ƙasa ya ce Baba tsallake, ƙafar farko ta wuce lafiya, ta bayan da ba ya gani ta kama. Sau nawa aka yi wannan, ban iya ƙirgawa ba.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne yadda yake tsayawa. Ya liƙa jan salatif daga sama har ƙasa a gefen hagu na kowace ƙofa, ya ce Baba kar ka ɗaga ƙafa sai ka nemo ja. To kafin Baba ya saba, sai shi ya je ya tsaya jikin gefen ƙofar, in Baba ya karkata shi zai buga ba garu ba. Na ga kafaɗar Baba ta daki ƙirjinsa ya fi a ƙirga, shi kuwa dariya kawai yake yi yana cewa Baba ka kusa, mu sake. Allah ya saka maka da alheri, Allah ya jiƙan mahaifanka, ya ba ka masu tsaya maka ranar da kai ma kake buƙata, ya sa wannan ya zama nauyi a mizaninka.

Auta, ke ma ba za ki tsira ba. Ke kika ajiye karatunki zango guda, ke kika naɗe kafet ɗin gidan nan kaf, kika kwashe wayoyin caja daga ƙasa, kika mayar da kujerarki hagun Baba har ya riƙa mita wai kullum sai kin sa shi murɗa wuya. Allah ya yi miki albarka ya ba ki masu yi miki. Umma kuwa ba ni da bakin yi mata godiya, sai addu'a. Maƙwabcinmu da ya fito da mota cikin daren farko ko takalmi bai tsaya sawa ba, nas ɗin dare da ta koya min yadda ake juya shi, da ku da kuka yi ta turo saƙo da addu'a da abin da ya sawwaƙa, wasu ma ban taɓa ganin fuskarku ba, Allah ya biya ku, ya raba ku da ciwo, ya ba marasa lafiyarku lafiya, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ya yi musu rahama, amin ya Allah. Waɗanda kuma jini ɗaya muke amma wata 7 hanya ba ta biyo da su ba, ba komai, mun san kowa da uzurinsa. Baba dai yana tambayarku da suna ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na gaji da cewa suna gaishe ka.

Har yanzu da saura, ba a barinsa shi kaɗai a matakala, ana riƙe da shi yana maimaita abin da aka koya masa, ƙafa mai lafiya ce gaba a hawa, mai ciwo ce gaba a sauka. Masu zuwa dubiya ƙofa a buɗe take, roƙona kawai in yana tafiya kar a ja shi da hira sai ya zauna, don da zarar hankalinsa ya rabu biyu ƙafar take kamawa, kuma don Allah kar a bar takalma a bakin ƙofa. In kun shigo ku zauna ta hagunsa ko da zai yi muku mita. Jan salatif ɗin kuma a bar shi, jiya na ce tunda ya iya bari in ɓare, ya ce in na taɓa sai mun ɓata.