Kafin ka tilasta wa tsohuwar kwamfutarka Windows 11

Ƙannena masu sha'awar kwamfuta, ku saurari asarar da gaggawa ta jawo mini.

Ina da shagon buga takardu a Kabuga, cikin Kano. Kwamfutar da nake neman abinci da ita ta hannu ce, HP mai Core i5 (ƙwaƙwalwar kwamfuta ta kamfanin Intel) zubi na shida, a Beirut Road na saye ta. Da na ji Microsoft zai daina kula da Windows 10 daga 14 ga Oktoba, 2025, sai hankalina ya tashi. Na gwada sa mata Windows 11, ta ƙi karɓa. Ashe sai na'ura tana da TPM 2.0, wato ɗan guntun da ke ajiye makullan sirrinta, da Secure Boot, wato tsaron da ke hana muguwar manhaja tashi yayin kunna kwamfuta, kuma in Intel ce, zubi na takwas zuwa sama. Tawa ba ta kai ba.

Wani yaro a Farm Centre ya nuna mini Rufus, manhajar da ke ɗora Windows a filas, tana kuma barin ka cire waɗannan sharuɗɗan. Daren nan na zauna, ga cajin batir na ƙarewa, ina ta danna gaba ba karatu. Da na iso inda ake zaɓar ɓangaren ma'ajiya, na goge shi ɗungurungum. Windows 11 ta hau lafiya lau. Amma duk aikin mutane ya tafi, har da kundin kammala digiri na wata ɗaliba, babi huɗu da muka yi mako uku muna bugawa. Da safe ta zo, na gaya mata. Ta yi shiru, can ta ce, "Malam, ai amana na ba ka." Har yau maganar tana cina.

Saboda haka, kafin ka taɓa komai, kwashe fayilolinka zuwa wata ma'ajiyar daban, ka buɗe su ka ga sun hau da gaske. Kar ka fara sai da wuta ko cikakken caji. Sannan ka leƙa BIOS tukuna, wato saitin da ake shiga yayin kunna kwamfuta kafin Windows ta tashi, domin wasu kwamfutocin suna da TPM, a kashe kawai yake; Intel na kiransa PTT, AMD kuma fTPM. Kunna shi na iya isar ka.

In kuwa taka irin tawa ce, ka san abin da za ka shiga. Microsoft ya faɗa a fili cewa bai yi alkawarin sabuntawa ga na'urar da ba ta cika sharaɗi ba, kuma babbar sabuntawar shekara ba ta zuwa da kanta, sai ka sake ɗorawa da hannu. Kwamfutar da ke riƙe da aikin mutane ban yarda a yi mata wannan gwajin ba. Ni yanzu Linux Mint, wata babbar manhaja da ke maye gurbin Windows, na sa wa tsohuwar, ina kuma adashi don in sayi zubi na takwas.

Ɗalibar mun sake buga mata kundin daga rubutun hannunta, kwana tara, ban karɓi ko sisi ba.