Abin da na gani a ɗigon ruwa

Ina shekara 16 malamarmu ta ɗiga ruwan kududdufi a kan gilashi, ta ce in leƙa ta maikiroskof, na'urar da ke girmama ƙananan abubuwan da ido ba ya gani. Ruwan da na ɗauka fanko ne, sai ga ƙananan halittu suna ta kai-komo a ciki. Har aka kaɗa ƙararrawa ban ɗaga kai ba. Da likita nake so in zama, amma tun ranar hankalina ya koma ɗakin gwaji.

Yau aikina ke nan. In shafa ɗigon jini a gilashi, ya bushe, in zuba masa rinin Giemsa, sannan in zauna neman ƙwayar zazzaɓin cizon sauro: ɗan zobe shuɗi-shuɗi mai ɗigon ja a gefe, laɓe cikin jajayen ƙwayoyin jini. Tun 1880 wani likitan Faransa, Alphonse Laveran, ya gano ta a Aljeriya, amma har yau gabana kan faɗi in na hango ta a jinin ƙaramin yaro.

Marasa lafiya ba su san fuskata ba, takardar sakamako kawai ke isa gare su. Shi ya sa in idona ya gaji da yamma, nakan tashi in wanke fuska, in sake duba gilashin daga farko kafin in sa hannu.