Godiya ga waɗanda suka tsaya mini a aikin tarihin wasan kwaikwayo

Alhamdu lillahi. Jiya na gabatar da takardata a kwas ɗinmu na wasan kwaikwayo, a gaban malaminmu da 'yan ajinmu, kuma an tashi lafiya. Ba ni kaɗai na yi aikin nan ba, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Batun da ya faɗo mini shi ne tarihin wasan kwaikwayon Hausa, tun daga dandali har zuwa littafi. Ɓangaren rubutacce bai ba ni wuya sosai ba, domin ma'aikatan ɗakin karatun kwalejinmu sun yi mini halacci. Wani dattijo a cikinsu da kansa ya hau kujera ya zaro mini Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda ya fito a 1949, bangonsa duk ya ci ƙura. Shi ne kuma ya nuna mini wasannin Shu'aibu Maƙarfi, Zamanin Nan Namu na 1959 da Jatau Na Kyallu na 1960, waɗanda aka fara ji a rediyo kafin su zama littafi. Baba, Allah ya saka da alheri, ya sa ka gama aiki lafiya.

Inda aikin ya yi nauyi shi ne abin da ya riga boko. Hujjata ita ce Bahaushe bai jira Bature ya koya masa kwaikwayo ba. Amma faɗa daban, kafa hujja daban. A nan ne kakata Hajiya ta shigo. Da na ce mata tashe nake bincike a kai, sai da ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, “Yanzu ke tashen ma sai an je kwaleji?” Daga nan ta gyara zama a kan tabarma. Ta ba ni labarin yadda suke fitowa bayan goma ga azumi, da an sha ruwa, su bi gida gida. A wasan Mairama da Daudu ita ce kullum Daudu: ta saci babbar rigar yayanta da hularsa, ta yi ta taƙama irin ta maigida, ƙawayenta na buga ƙwarya a ruwa suna yi wa Mairama nasihar zaman aure. Ta kuma kwatanta mini yadda samari ke liƙa gemun auduga su dogara sanda, da yadda Jatau mai magani ke baza saiwoyi da sassaƙe yana lissafa amfaninsu. Abin da na samu a bakinta a dare ɗaya ya fi wanda na kwafo a intanet armashi nesa ba kusa ba. Hajiya, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ga malaminmu kuwa, godiyata ta musamman ce, duk da shi ne ya fi kowa sa ni gumi. Ina gama bayanin wasan gauta, inda matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa, da kalankuwa da samari ke yi bayan kaka, sai ya ce, “To, babu rubutu, babu dandamali, me ya mayar da su wasan kwaikwayo?” Gabana ya faɗi. Na amsa da cewa akwai mai shiga rigar wani, akwai 'yan kallo, akwai saƙon da ake isarwa cikin raha, har a faɗa wa mai mulki abin da ba a iya faɗa masa ido da ido. Ya gyaɗa kai, ya ce in ƙara 'yan kama, wato masu barkwancin nan da ke kwaikwayon malamai don ba da dariya, a cikin gyaran da zan miƙa. Malam, na gode, zan ƙara.

Ƙawayena biyu da suka yarda suka yi shigar Mairama da Daudu a gaban aji, kun ceci ranar, musamman da wuta ta ɗauke hotunan da na shirya suka ƙi fitowa. Yaya, na gode da kuɗin buga takardu da aron kwamfuta. Umma, na gode da ɗauke mini girki duk makon nan.

Wanda na manta ban ambata ba ya yafe mini. Sakamako bai fito ba tukuna, don haka a ci gaba da sa mu a addu'a. Allah ya bar zumunci, amin.