Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Duwatsun Sakkwato da 'Ya'yanta

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a farkon shekarun koyarwata a fannin ilimin duwatsu da ma'adinai, wato jiyoloji. Yau zan jingine labarin kaina, domin maganar da ta cinye waɗannan shekaru ta fi shi nauyi: su wa ke samun shiga wannan karatu, su wa kuma ke zubewa a hanya.

Kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce, teku ne ya malale ƙasar da muke takawa. Shimfiɗun duwatsun wannan yanki da sunayen garuruwanmu masana suke kiransu a ko'ina a duniya: Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina, Gwandu. Akwai wata dabbar teku mai kama da ƙaton ƙadangare da aka tono ƙasusuwanta a nan, aka raɗa mata Goronyosaurus saboda Goronyo. Farar ƙasar Kalambaina ake ƙonawa a yi siminti tun 1967, yashin Gwandu kuma shi ke riƙe ruwan da rijiyoyin burtsatse da yawa ke zuƙowa. Duk da haka yaron Wurno sai ya gama sakandare bai taɓa jin cewa ana digiri a kan tudun bayan garinsu ba.

Ƙofar farko ba a jami'a take ba, tana aji huɗu na sakandare. Domin shiga karatun jiyoloji a jami'a ana neman kiredit biyar a jarrabawar gama sakandare, ciki har da Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri. Makarantar da ba ta da malamin fiziks sai ta tura yara ajin adabi, kuma ranar da za a cike fom ɗin JAMB bakin alƙalami ya riga ya bushe. Saboda haka 'yan aji uku ya kamata a je wa, da tire ɗaya na duwatsu da ɗan kwalbar asid. A ɗiga digo guda a kan farar ƙasa su ga tana tafasa, a ɗiga a kan yashi su ga shiru. Sai kuma cike fom ɗin kansa: yara da yawa mai shagon intanet ke zaɓa musu darussa. Turanci dole ne, sauran ukun kuma jami'o'i sun bambanta, don haka a karanta sharaɗin jami'ar da ake so kafin a biya ko sisi.

Ƙofa ta biyu, wadda ta fi cin mutane, ita ce fita aikin fili. Ba a zama masanin duwatsu daga kan benci. Amma yadda aka gaji tsara fitar, kamar an ɗinka ta ne daidai jikin saurayi lafiyayye mai kuɗi a aljihu: tafiyar mako biyu, kwanan wani gari, kowa da kayansa. A nan 'ya'ya mata ke janyewa, haka matan aure, da ɗan talaka, da mai lalurar ƙafa.

Kayan aikin ba su da yawa: gudumar fasa dutse, kamfas mai auna karkatar shimfiɗa, madubin hannu mai ƙara girma sau 10, asid mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari, awon tef, littafi mai kwali, da jakunkunan samfur. Kamfas ne mai tsada. Ba dalilin tilasta wa kowane ɗalibi ya saya. Sashe ya ajiye nasa, a ba rukunin mutum huɗu saiti ɗaya, su sa hannu su dawo da shi. Sai dai a kula, idan aka bar rukuni ya raba wa kansa aiki, maza za su riƙe guduma da kamfas, a miƙa wa mace littafi ta yi ta rubutu har a tashi. Ranar jarrabawa ita ce ba ta iya awo ba, a ce ba ta da ƙoƙari. Maganinsa karɓa-karɓa a kowane zango, kuma malami ya tsaya ya ga an yi.

Kurakuran sabon shiga sanannu ne. Yana awo da waya ko guduma a kusa da kamfas, ƙarfe ya ja allurar, lambar ta fito karkatacciya. Yana rubutu da biro, gumi ya wanke. Fensir ake so. Ya ɗebi samfur bai rubuta lamba da wuri da kwanan wata a jikin jaka ba, dutsen ya zama tsakuwar banza. A wajen haɗa asid, asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba. Dutse kuwa da guduma ake juya shi, saboda kunama da kububuwa.

Mu a Sakkwato Allah ya hutar da mu doguwar tafiya. Kalambaina tana bakin gari, Dange da Wurno kuma a je a dawo ne cikin yini, idan hanya lafiya. A tambayi halin tsaro a sanar da hakimi kafin a ɗaga. A sa fitar cikin hunturu, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, kada a kai ta Afrilu da zafi ke haura digiri 40, kada kuma ta faɗo cikin azumi. A tashi bayan asuba, a dawo wajen azahar, kowa da ruwa aƙalla lita 3. A tafi da malama mace, a rubuta wa uba ko miji takarda mai ɗauke da wuri da lokacin dawowa. A kuma faɗa tun a mota inda za a tsaya kama ruwa. Ana jin nauyin wannan magana, shi ya sa 'yan mata ke ƙin shan ruwa a fili har jiri ya ɗebe su. Mai keken guragu a zaɓa masa inda titi ya yanka tudu, abokan rukuninsa su kawo masa samfur. Aikin madubin ɗakin gwaji da taswirar tauraron ɗan adam ba su buƙatar hawan dutse.

Wani zai ce wahalar me. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, domin a cikin gidaje ake daka dutsen zinariya mai ɗauke da dalma. Ƙasar tsakar gida ce ke buƙatar gwaji, kuma gidan da ba a shiga, mace ce za ta shiga ta ɗebo, ta yi wa uwar gida bayani da harshen da take ji. A garin Nana Asma'u, wadda jajinta suka riƙa kai ilimi ƙauye-ƙauye, wannan ba baƙon abu ba ne.

Haka ɗan mai haƙar rijiya. Tun yana yaro ya san bayan marmara sai laka, bayan laka sai yashin da ke kawo ruwa. Turanci ne kawai ke ɗaure masa baki a aji. A gaban dutse a fara tambayarsa da Hausa me ya gani, ya faɗa, sannan a ba shi sunan da ke cikin littafi ya rubuta a gefe.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga batun neman gurbin horon SIWES, wato koyon aiki da ake tura ɗalibai su yi a ma'aikatu da masana'antu.