Agogon da yake cijewa a daƙiƙa ta 58

A hunturun bara wani magidanci ya kawo mini agogon mahaifinsa, ƙirar Seiko mai inji lamba 6139, wanda marigayin ya sayo a Jidda lokacin da ya je aikin Hajji a shekarun 1970, shi ya sa ranakun mako suke fitowa da Larabci a 'yar tagar da ke fuskarsa. Irin agogon nan ne da ake kira kuronogaraf, wato wanda ban da nuna lokaci yana da maɓallai biyu a gefe, na sama yana tayar da dogon hannun daƙiƙa ya kuma tsayar da shi, na ƙasa yana mayar da shi kan 12. Ya ce mini, "Malam, lokaci dai yana bayarwa daidai, amma da na danna na sama sai hannun ya zagaya ya cije kafin ya cika minti, idan kuma na danna na ƙasa sai ya sauka inda ya ga dama."

Na gwada a gabansa, kuma haka abin yake. Hannun yana tafiya sumul har daƙiƙa ta 58, daga nan ya kafe, ƙaramin hannun da ke ƙirga minti 30 a wajen ƙarfe 6 kuwa ko motsi ba ya yi. Da yake wannan inji ba shi da wani hannun daƙiƙa na dabam da ke tafiya kullum, sai da na buɗe murfin baya kafin na tabbatar cewa wilin bugu yana ci gaba da lilonsa, sau 6 a kowace daƙiƙa, ko da hannun ya tsaya.

Nan take na yanke hukunci cewa kulocin, wato abin da ke haɗa hannun daƙiƙa da injin, ya mutu, kuma ina da dalili. Seiko ta fitar da 6139 a 1969, shekarar da kamfanin Zenith na Siwizalan ya fito da nasa kuronogaraf mai suna El Primero, kuma abin da ya bambanta 6139 shi ne kulocin da ke tsakiyarsa. A yawancin agogunan Siwizalan na wancan zamani haƙoran wili biyu ne suke haɗuwa gefe da gefe idan an danna maɓalli. A nan kuwa faifai ne yake sauka a kan wilin daƙiƙa da matsin wani siririn sifirin, sai su juya tare. Idan an tsayar, wasu ƙarafa biyu su shiga ƙarƙashinsa su ɗaga shi. Wili da faifai da sifirin da sandar hannun duk a haɗe suke tun daga masana'anta, ba a yi su don a kwance ba, kuma an daina ƙera injin tun ƙarshen shekarun 1970. Duk mai gyaran da ya taɓa 6139 ya san cewa idan wannan yanki ya gaji, sai dai a nemi wani mataccen agogo a ciro nasa. Saboda haka na gaya wa mai agogon aikin zai yi tsada, na aika aka nemo mini tsohon inji, na jira kusan mako biyar, kuma duk tsawon wannan lokaci ban sake ɗora madubi a kan agogon ba.

Da injin ya iso na canja wilin mai kulocin, na ɗaure, na danna maɓalli, sai hannun ya je daƙiƙa ta 58 ya tsaya cak kamar yadda ya saba. Kunya ta sa na ɗauki agogon na tafi wurin maigidana da ya koya mini sana'ar, wanda yanzu idonsa ya yi rauni har ya bar teburi. Bai ko karɓe shi ba. Ya ce, "Kulocin da ya mutu yana zamewa ne a ko'ina. Wannan da yake zaɓen wuri ɗaya kullum, me yake tararwa a wurin?" Na ce, "Baba, yatsan da ke tura wilin minti." Ya ce to in koma in duba abin da yatsan yake turawa.

A jikin wilin tsakiya akwai wani ɗan ƙarfe mai kama da yatsa wanda sau ɗaya a kowane zagaye yake taɓa haƙorin wani ƙaramin wili, shi kuma ya juya wilin minti da haƙori ɗaya tak, sannan wani siririn sifirin mai ƙugiya a baka ya faɗa tsakanin haƙora ya riƙe shi. Idan ɗayan waɗannan ya yi tauri fiye da ƙarfin kamun kuloci, kulocin zai zame, hannu ya tsaya, agogo ya ci gaba da tafiya. Da na taɓa ƙaramin wilin da tsinke sai na ji shi a daskare. Wani ya taɓa ɗiga masa mai mai kauri, da alama irin na keken ɗinki, ƙura ta shiga ta bakin maɓallan da robarsu ta bushe ta farfashe, suka haɗu suka zama baƙin danƙo. Sifirin mai ƙugiyar ma an lanƙwasa shi ya matse haƙoran fiye da kima, wataƙila don a hana hannun minti rawa.

Daga nan na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Na sassauta babban sifirin, na kwance injin gaba ɗaya, ina ɗaukar hoto da waya a kowane mataki, na wanke kowane yanki, na share da tsinke ramukan 'yan duwatsun da sandunan wili suke juyawa a ciki. Sifirin guda ya kuɓuce daga hantsakina ya yi tsalle, na shafe rabin awa a durƙushe da maganaɗisu ban gan shi ba, sai a tsohon injin na ciro madadinsa, wanda shi ne kaɗai amfanin da na ci daga kuɗin da na kashe. Wajen sa mai, ɗigo ɗaya da bai kai kan allura ba na sa tsakanin wilin daƙiƙa da sandarsa, na bar fuskar kulocin a bushe, domin mai a wurin shi ne zai jawo ainihin zamewar da na yi zato. Sifirin mai ƙugiya kuma na riƙa sassauta shi kaɗan kaɗan ina gwadawa, har ya kai yadda yake riƙe wilin amma yana sakinsa da zarar yatsan ya tura. Ainihin wilin agogon na mayar, kuma ya wuce 58 ba tare da ko ɗar ba.

Matsalar komawa kan 12 ba ta cikin injin ma. Gudumar da ke dukan wani ƙarfe mai siffar zuciya a jikin sandar hannun idan an danna na ƙasa tana mayar da sandar wuri ɗaya kowane lokaci, amma bututun hannun ya buɗe, don haka kowane duka yana sa shi ya zame a kan sandar. Na matse bututun, na tallafi dutsen da ke ƙarƙashin sandar, na danne maɓallin ƙasa, sannan na dasa hannun daidai kan 12. Na sa sababbin robobi a maɓallan da ɗan giris.

Kwana uku na riƙe agogon ina gwada shi a kwance, a kife da kuma a tsaye, ina barin hannun ya cika minti 30 kafin in mayar. Da mai shi ya zo na zayyana masa yadda aka yi, na cire kuɗin tsohon injin daga lissafinsa tunda kuskurena ne, na kuma roƙe shi kada ya danna maɓallan da jiƙaƙƙen hannu, ya riƙa cire agogon kafin alwala. Ya ɗaura, ya danna na sama, muka zuba ido mu biyu har ƙaramin hannun ya yi tsalle zuwa minti na farko.